Rashancin Injiniya Barau

Sailuba ta tsufa a gidan mijinta Injiniya Barau, sai ga harshe ya zo ya raba su. A birnin Leningrad na ƙasar Rasha ya yi karatu yana saurayi, kafin aiki ya kawo su garin Manassas a ƙasar Turawa. A 2009 ya kai ta birnin da ya yi karatun yawon buɗe ido, ya dinga jan ta daga coci zuwa fada, tana mitar ƙafafunta sun kumbura.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, Hausa ta gudu, Turanci ya bi ta, Rashanci kaɗai ya rage a bakinsa. 'Ya'yansu kuwa, ko kunya babu, sai dai su bugo waya su ce a yi haƙuri.

Kullum tana bakin gadonsa da hotunan tafiyar. Da ya ga coci mai ƙubba kamar albasa sai ya kama zuba, ita ko kalma ba ta ganewa. Rannan ta ɗauko hoton da take tsaye gaban wata koriyar fada, ta ɗora yatsa a kan fuskarta ta cikin hoton.

"Alhaji, don girman Allah, wace ce wannan?"

Ya ture yatsan a hankali, ya faɗi sunan fadar.