Romon Kaka Fanna da Gwiwar Ari

Ɗana Ari ya shigo yana ɗingishi yana murmushi, ya dire mini wani gwangwani a kan tabarma. Ɗan kokowa ne, gwiwarsa ta gurɗe a wajen gwaji, ga shi ana dab da zaɓen waɗanda za su tsaya wa jihar Difa. Lokotoron asibiti ya ce masa ya huta. Shi kuwa abokinsa ya kawo masa wannan gari daga Maiduguri, wai romon ƙashi ne aka busar, da wani abu wai shi kolajin a ciki mai gyara gaɓoɓi. Na buɗe na sansana, na dangwala na lasa. Mamaki ya ishe ni: yaya aka yi romo ya koma gari? Ina cikin wannan tunani sai ga ni a gindin murhun Kaka Fanna.

Kaka Fanna ita ta haifi innata. Babarbariya ce ta bakin kogin Komadugu da ta yi aure cikin Damagarawa 'yan kasuwa, kuma har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba. Idan sanyi ya shigo, an shanya tattasai tsakar gida ya yi jawur, sai ta aika a karɓo mata ƙafafun shanu wurin mahauta. Tun la'asar take ɗora su a tukunyar ƙasa, ta jefa 'yar tsamiya, ta kafa doka: wanda ya ɗaga murfi ba shi ba tatsuniya. Bayan magariba mu jikoki mu kewaye murhu muna tura itace, ƙamshi na azabtar da mu. Da safe kuma a tarar da romon ya daskare a akushi, yana rawa in an taɓa. Na taɓa tambayarta ina ruwan ya tafi.

"Bai je ko'ina ba, 'yar tambaya," in ji ta. "Zama ya koya."

Wata shekara tatsuniya guda ta yi ta maimaita mana. Takan gyara zaman mayafi ta ce, "To, ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri." Mu ce ta zauna mu ji ta.

Wai Kura ce ta so ta kayar da Zaki a kokowa, sai ta je wurin wata tsohuwa a bakin kogi neman ƙarfi. Tsohuwa ta dafa mata romon ƙashi ta ce, "Ki sha, amma ki zauna. Ƙarfin nan daga sama yake farawa, a hankali yake sauka." Kura ta shanye ta zauna. Ƙarfi ya shiga muƙamuƙi, ta ciji dutse ya fashe. Ya sauka wuya, ya sauka ƙirji da ƙafafun gaba. Sai ta jiyo ganga daga fili, ana yi wa Zaki kirari. Tsohuwa ta ce, "Saura na baya." Kura ta ce ai rabin nan ma ya isa, ta zabura. Da suka haɗu ta ɗaga Zaki sama, jama'a na guɗa, sai ƙafafun baya suka lanƙwashe, ya faɗo mata a ka. Shi ya sa har yau gabanta ya fi bayanta tsayi. Kaka takan rufe da cewa ta ƙare, ba don ɓera ba da ta yi ƙarya.

Mu dariya muke yi, muna kwaikwayon tafiyar kura. Ban taɓa lura da cewa ba mu take kallo ba in tana ba da ita. Kawu Bukar take kallo, autanta, ɗan kokowar unguwarmu, wanda ke zaune bayanmu da gwiwa ɗaure cikin tsumma. Romon ma don shi ake dafawa. Wata ranar, ana tsakiyar tatsuniyar, aka buga ganga a filin kasuwa. Kawu ya miƙe ya ce, "Iya, ai na ji sauƙi." Ba ta hana shi ba, ta dai ƙarasa mana labarin. A kan amalanke aka dawo da shi, kuma bai sake shiga fili ba.

Ban san iyakar abin da garin gwangwani ke yi ba, ina dai son in sani. Lokotoro ya ce abinci ne, Ari ya sha in yana so, amma ba ya maye gurbin hutu. Abin da ya ba ni tsoro shi ne saurinsa: cokali guda, a kaɗa, a shanye a tsaye. Romon Kaka sai ya zaunar da mutum kafin ya shiga bakinsa.

Na sayo ƙafafun shanu na ɗora, na aika a kira Kawu Bukar ya zo ya sha. Ari na zaune ya ga tsohon ya tsallako dokin ƙofa da sanda, kafaɗu har yanzu kamar na bijimi, yana jan ƙafa ɗaya. Na shimfiɗa masa tabarma kusa da murhu. Kawu ne ya dubi tsumman gwiwar Ari ya ce, "Jikalle, matso nan. Ka san labarin Kura?"

Can nesa ana jiyo ganga daga filin gwaji. Ari ya juya kai ya saurara, sannan ya jawo itace ya tura cikin murhu.