Kwalin da Na Bari a Shagon Madam

Ni tela ne a Fagge, ɗan tela kuma, amma akwai wata cuta da ban gada ba. Da na ɗora ƙafa a kan keken ɗinki sai kaina ya tafi wani gari da babu shi. Garin yana ƙarƙashin rijiya, mutanensa ba su da inuwa, domin sarauniyarsu ta karɓe duka ta ɗinka mayafi da su. Na daɗe ina yawo da garin nan a ka kafin in sayi takardu in fara zubawa.

Da ajami na rubuta. Bokona na yaƙi da jahilci ne, in na kama biro zan yi shi sai in ji kamar ina ɗinki da hagu, ajami kuwa hannuna ya saba tun daga allo. Sai dai masu kwamfutar unguwarmu duk sun ce in mayar da shi boko tukuna. Wani abokina ne ya yi mini kwatancen wata mata mai shagon buga takardu da fotokwafi a wani layi bayan kasuwar Sabon Gari.

Ibo ce, Kirista, kowa Madam yake ce mata. A Sabon Gari aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Ta juya takarduna ta miƙo mini.

"Ba na karanta wannan, Malam tela, amma kunnena lafiya lau. Ka karanta, ni in buga."

Haka muka yi ta yi, tsakanin azahar da la'asar, ina kan benci ina karantawa, janareta na kuka a waje, yatsunta na gudu. Ban yi cinikin mai gyara ba, amma na samu. Sai ta tsaya ta ce, "Wannan sarauniyar taka ba ta cin abinci ne? Tun da muka fara ko ruwa ba ta kurɓa ba." In tafi ina ƙunƙuni, in dawo da sabon babi an dafa wa sarauniya tuwo. Duk wanda na sake, tsohon sai in jefa a wani kwalin taliya da ke ƙarƙashin teburinta, har ya cika ya yi tozo.

Wuri ɗaya ne muka yi faɗa na gaske. Akwai babin da mutanen garin suka taru a kan wata yarinya da aka gani da inuwa. Na cika shi da ihu da sanduna da jifa, ina karantawa ina jin na burge. Madam ta ɗauke hannunta daga na'ura.

"Ba haka ake yi ba."

Na ce, "Kin taɓa shiga ƙarƙashin rijiya ne?"

"A'a. Amma na taɓa wuni a ƙarƙashin gado ina yarinya, ranar wani rikici a garin nan. Ihu daga baya yake zuwa, Malam. Shiru ake fara yi. Masu shago su ja kayansu ciki, wanda ya gaishe ka da safe ya ƙi haɗa ido da kai."

Ni mutum ne mai zuciya a kusa. Na ce littafina ne, ta buga yadda na faɗa. Haka ta buga shi.

Tun kafin wannan take yi mini maganar kwalin. "Ka kwashe shi, don Allah. Ni na san tatsuniya ce, kai ka sani. Wanda ya gan shi a shagona bai sani ba." Na gane abin da take nufi sarai. A wurinmu takarda mai harafin Larabci ba ta zama a ƙasa. In ka gan ta a hanya sai ka ɗauka ka soka a ramin bango, ba ma sai ka karanta ba, don kada a taka sunan Allah. Ni kaina haka nake yi. Amma tunda na san abin da ke cikin nawa ƙaryar aljanu ce da tuwon sarauniya, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Kullum sai in ce gobe, ta ce ta san goben tela.

Da damina ta kankama rufin shagonta ya fara yoyo. Wata rana da safe ta kira ni ta ce ta fito da kwalin bakin ƙofa, ta ɗora masa dutse, in zo in ɗauka. Na ce bayan azahar. Wani mai kayan biki ya zaune mini a shago, har hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara ɗaga kwanon rumfuna. Wayata ta yi ƙara. Murya ƙasa-ƙasa Madam ta ce, "Malam, ka zo yanzu," ta kashe.

Mai a-daidaita-sahu ya sauke ni a bakin layin ya juya da sauri. Iska ta tsaya, ruwa bai sauko ba. Layin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda janareta da ciniki, ranar har takun takalmina ina ji. Shaguna an ja ƙofofinsu rabi. Mai sayar da caja da ke tsokanata kullum ya sunkuyar da kai kamar bai taɓa ganina ba. Na san wannan shirun, Madam ta riga ta faɗa mini shi.

Ashe iska ta riga ta kifar da kwalin. Takarduna ne ko'ina, a ƙarƙashin tayoyi, a kan tsibin shara, da yawa kuma a cikin kwata suna shan baƙin ruwa. Masu baro da 'yan dako da 'yan kasuwa sun yi da'ira a ƙofar shagon, kowa riƙe da wadda ya tsinta. Babu wanda ya karanta, ganin harafin ya ishe su. Madam tana tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe ƙarfen ƙofar da hannu biyu. A bayana wani ya ce a hankali, "Ita ta watsar."

Na kutsa ina cewa nawa ne, rubutuna ne. Wani ƙato ya damƙi wuyan rigata ya ce ni na ba ta ta zuba a kwata ke nan? Wani dattijon Alhaji mai sayar da kwaɗo da makulli ya ɗaga hannu.

"Sake shi. In nasa ne ya karanta mu ji."

Ya miƙo mini wata jiƙaƙƙiya, ya tsaya a kafaɗata yana bin layi da yatsa don kada in yi masa ƙarya. Wannan ne karon farko da na karanta littafina a gaban jama'a. Babin tuwon ne ya faɗo, inda sarauniya ke faɗa da kukunta a kan ya cika gishiri. Na karanta ina gumi. Can wani ya tuntsire da dariya, wasu suka bi. Alhajin ya ce, "Tatsuniya ce, jama'a. Kai kuma Allah ya shirye ka." Ruwa ya ɓarke, aka watse. Amma na ga waɗanda ba su yi dariya ba, da waɗanda suka tafi tun kafin a fara karatun.

Ni da Madam muka tsince abin da ya rage cikin ruwan. Da muka gama ta dube ni.

"Sun cika?"

Ban sani ba. Iskar ta nufi cikin kasuwa, kuma duk inda takarda ta sauka ba ni a wurin balle in karanta. Na ce in sha Allahu, ta gane.

Ta kwana biyu ba ta buɗe ba. Da ta buɗe, in baƙon mutum ya tsaya a ƙofa sai yatsunta su tsaya. Ba a jima ba ta ba ni filas ɗin kwamfuta da aikina ke ciki, ta ce za ta je wurin yayarta a kudu ta ɗan huta. Shagon yanzu takalma ake sayarwa.

Na sake babin taron nan gaba ɗaya, na cire ihun. Da na gama ba ni da wanda zan karanta wa, sai na kira ta. Ta saurara har ƙarshe, ina jin kukan kaji a bayanta.

Ta ce, "Yanzu ya yi, Malam tela. Da ka yarda da ni, ai da ba sai na nuna maka ba."