Karcen da na hana a shafe

Na fito daga kasuwar kifi ta Kado na tarar an lotsa ƙofar motar marigayi maigidana, mai bugun kuma ya gudu. Duk wanda na tambaya sai ya ce bai gani ba. Har na ɗauko waya zan kai wa maigida ƙara, sannan na tuna.

Washegari mai gyaran bodi ya nuna wani tsohon karce a gefen lotsawar. "Hajiya, in haɗa da wannan in yi fenti?"

Maigida ne ya yi shi a get ɗinmu, ranar da na cika shi da surutu yana ribas.

Na ce, "Gyara na baƙon. Wannan ka bar min abina."