Dutsen da Ya Tare Rijiyar Baba

Wata Laraba bayan babbar salla, ina aji biyar na firamare, digar Baba ta yi wata irin ƙara a ƙasan rijiyar da yake haƙawa a tsakar gidanmu. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, ya wuce ruɓaɓɓen dutse mai murmushewa kamar ƙuli-ƙuli, a zurfin gaba bakwai ya ci karo da na gaske. Ya aiko mini da ɓalli ɗaya a guga. Zane-zane ne da shi, layin fari da layin baƙi kwance a kan juna suna lanƙwasa, ga ɗigon ja-ja jefi-jefi. Farin dutsen ƙanƙara ne mai tartsatsi, baƙin kuwa ƙyalli yake, in ka sa farce ya ɓare siriri kamar ɓawon albasa.

Na kai wa malaminmu, Malam Sule. Ya jujjuya shi ya ce, "Ka gaya wa babanka, wannan shi ne falalen da mata ke shanyar gero a bayan gari. Dutse ɗaya ne, ta ƙarƙashinmu ya bi." Da na faɗa wa Baba, ko kallona bai yi ba. "Malamin naku ya taɓa riƙe diga? Murfi ne, ruwa na ƙasansa." Washegari ya ce in ajiye boko tukuna in kama masa, ai ba za a daɗe ba.

Dabararsa ta kakanni ce. Mu zuba kara da kirare mu cinna wuta, dutse ya yi zafi mu sheƙa masa ruwan da Inna ta ɗauko a ka daga ƙauyen gaba, ya huce in sauka da guduma, hayaƙi na cin idona. Abin da ke ɓallewa bai fi faifai ba. Rani biyu muka yi a haka, ko zurfin gaba guda ba mu ƙara ba. Kafin Baba ya haƙura, 'yan ajinmu sun tafi sakandare a Ɗambatta, ni kuwa kunya ta hana ni komawa aji in zauna cikin ƙannena.

Yanzu injin burtsatse kan huda dutsen nan cikin kwana biyu, in an dace da tsaga a sami ruwa. Baba bai ga wannan ba. Rijiyar mun rufe ta da langa-langa saboda awaki. 'Ya'yana kan kawo mini aikin makaranta, in ce su je wajen maƙwabci, idona ba ya gani sosai. Dutsen yana nan yadda yake, ni ne na ƙare.