Matar da ke Rufe Talabijin da Tire

A Makera, in ka ce Rebecca ba kowa zai gane ba, amma in ka ce Maman Ruth mai bidiyo, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan. Ni Celina tela, gidan haya ɗaya muka zauna da ita, ƙofata na kallon tata. In faɗi gaskiya, ban taɓa zama da mace mai taurin kai irinta ba.

Daga wajen Pankshin ta zo, ta biyo mijinta Istifanus da ya samu aiki a wata masaƙa a Kakuri. Shi yana kan injin saƙa, ita tana toya ƙosai tana kai wa ma'aikata bakin get a wani ƙaton tire na silba. Istifanus mutum ne mai barkwanci. In ya taso daga aiki da auduga a gashin kansa, tun daga bakin layi za ka ji dariyarsa.

A shekarar 1986 inji ya kama abokin aikinsa Matthew. Rigar Matthew ce ta shiga bel ɗin da ke juya injin, injin ya ja shi. Istifanus ne ya fi kowa kusa da makunnin kashewa, ya kuma kai hannu, amma kafin injin ya tsaya aikin gama ya gama. Tun daga ranar ya shige ɗaki ya rufe bakinsa. Ba aiki, ba coci, ba magana sai gyaɗa kai. Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ma sa shi rawar jiki take yi. Keken ɗinkina sai da na kai shi shagon wata ƙawata, ina mita, don Rebecca ta tsaya a kaina har na ɗauke.

Da shekara ta zagayo, yayansa ya zo daga ƙauye ya ce taɓin hankali ne, a ba su shi su kai wurin mai magani. Kowa ya san abin da ake yi a irin wuraren nan, sarƙa ce a ƙafa da bulala. Rebecca ta ce ba inda za shi. Yayan ya ce to, ya ba ta zuwa Kirsimeti, in ƙaninsa bai buɗe baki ba zai dawo da mota.

A lokacin ta riga ta fara sana'ar bidiyo. Ƙosai kaɗai ba ya riƙe gida, sai ƙaninta da ke Legas ya aiko mata da bidiyo da talabijin mai kala. Ta kafa rumfar kwano a can ƙarshen tsakar gida, nesa da ɗakin mijinta, ta jera bencina, ana kallo Asabar da rana da Lahadi bayan an taso coci.

Sai dai ita tata sana'ar da doka take tafe. Duk kaset ɗin da ta ɗauko haya a kasuwar Kakuri, sai ta kalle shi ita kaɗai da safe tukuna. Turancinta bai wuce na ciniki ba, amma ta ce jini ba ya buƙatar tafinta. In mutane sun taru sai ta tsaya a bakin rumfa ta ce, "Yau akwai gobara, akwai yaron da ya mutu a hannun uwarsa. Wanda bai daɗe da binne nasa ba ya koma gida, ba zan ji haushi ba." In an zo wurin kuwa, sai ta miƙe ta rage murya, ta kare talabijin da tiren ƙosai, ta faɗi abin da ke faruwa da bakinta a taƙaice, sannan ta sauke.

Samari ba sa so. Wani Musa, ɗan kwalisa, ya taɓa tashi ya ce, "Haba Mama, wetin be dis? Wurin da ya fi daɗi shi kike rufewa!"

Ta ce, "Musa, rabin waɗanda ke kan bencin nan sun taɓa tsintar yatsan mutum a ƙarƙashin inji. Kai me ka taɓa tsinta? In jini kake marmari, ka san hanyar mahauta."

Ma'aikatan masaƙa suka kwashe da dariya, Musa ya zauna. Su dama saboda tiren suke zuwa da matansu.

Bayan ɗaukewar ruwa ta ɗauko wani fim na zamanin da bai zo ba. Duniya ta ƙone, babu ruwa, mutane sun shiga wani makeken jirgi suna yawo cikin taurari suna neman wurin zama. Wasu aminai biyu ne ke kula da injin jirgin. Wata rana injin ya ja ɗaya, ɗayan ya ruga ya kashe injin, amma ya makara. Sauran fim ɗin duk a kan wanda ya rayu ne, yana zaune a ɗan ɗakinsa ba ya magana da kowa.

Da safen nan ta leƙo ta ce, "Celina, zo ki ga Baban Ruth a sama."

Na kalla. Na ce ta mayar da shi yau ɗin nan, wannan ai guba ce a gidanmu.

Ta ce, "A'a. Gani yake shi kaɗai abin ya taɓa samu a duniya. Ina so ya san ko a cikin taurari akwai ɗan'uwansa."

Ba ta yaudare shi ba. Ta zauna a bakin ƙofarsa ta ba shi labarin fim ɗin daga farko har ƙarshe, har da injin. Ta ce za ta matso da talabijin kusa da tagarsa, in ya ƙwanƙwasa sau ɗaya za ta kashe. Ya juya wa bango fuska. Bai fito ba, amma bai ƙwanƙwasa ba.

Daga nan ta kafe kai da fata. Asabar wannan fim, Lahadi wannan fim, babu canji. Samari suka fara gudu, daga baya manya ma suka bi su. Mai hayar kaset ya gaji da aike ya zuba mata ido. Ni kuwa raina ya ɓaci, na tare ta a bakin famfo na ce, "Ke Maman Ruth, za ki kashe sana'arki, ki ƙarasa bawan Allahn nan!"

Ta ce, "In suka sa masa sarƙa, sana'ar me zan yi?"

Har aka kai ni kaɗai ce a benci, sai kajin mai gida. Duk da haka sai ta tsaya ta yi gargaɗinta da ƙarfi, ta ɗaga tire a daidai wurin. Na tambaye ta wa take yi wa. Ta nuna taga da haɓa.

Ranar wata Lahadi a watan Disamba, ana jiyo mata suna koyon waƙoƙin Kirsimeti a coci, ƙofar ɗakin mijinta ta buɗe. Istifanus ya fito, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Ya zauna a bencin baya. Na so in yi guɗa, Rebecca ta harare ni na haɗiye.

Ta dube shi ta ce, "Baban Ruth, akwai inji, akwai mutuwa. Zan rufe. In ka ce in kashe, zan kashe." Ya gyaɗa kai.

Da aka zo wurin ta rage murya ta ɗaga tire, ta fara kamar kullum. "Injin ya kama shi. Ya yi ihu, abokinsa ya ruga..."

"Ba ihu."

Muryar Istifanus ce, ta dushe har na yi zaton wani ne ya shigo.

"Ba a ihu, babu lokaci. Matthew sunana kawai ya kira. Isti, ya ce, a hankali, kamar zai roƙe ni goro."

Sai magana ta ɓalle masa. Ya faɗi dilar audugar da ta tare masa hanya, da yadda ya tsallake ta ya faɗi, da yadda ya miƙe, da takalmin Matthew da ya tarar a gabansa. Yana faɗi yana kuka, ni ma ina yi. Rebecca na tsaye da tire a sama, hawaye na sauka har wuyan rigarta. Na yi mata alama ta sauke ta huta. Ko kallona ba ta yi ba, don tsoro take kada hoto ya dawo Istifanus ya sake yin shiru. Haka ta riƙe har kaset ya ƙare a bayan tiren, ranar nan ba wanda ya ga ƙarshensa.

Istifanus ya share fuska da gefen rigarsa. Ya ce, "Maman Ruth, ki aika wa Yaya kada ya wahalar da mota. Matar Matthew tana ina yanzu?"

Ta ce, "Tana Gonin Gora, wurin yayarta."

Ya ce, "Ki raka ni gobe. Har yau ban yi mata gaisuwa ba."