Kanumfarin Gwaggo

Gwaggo ba ta yarda da alherin da ya zo babu dalili. Ƙanwar marigayi mai gidajen kaza ce, wanda ya fara da kasko ɗaya a bakin tasha, yana suya tana haɗa yaji. Kafin ya rasu shago ya hayayyafa: ga na kasuwa, ga na gefen asibiti, ga na garuruwan maƙwabta, kowanne da jan allo da ma'aikata masu jar hula. 'Ya'yansa suka gaje su, amma yajin kazar daga ɗakin Gwaggo yake fita, bayan babban shago. Rabin kayan da take saya a kasuwa ma na ɓad da sawu ne.

Rannan sai ga babban ɗan marigayin da matarsa.

"Gwaggo, ga 'yarki ta riƙa kama miki. Bayan nan naki yana son hutu."

"Bayan nawa ne ya kai maka ƙara?"

Ya yi dariya ya fice. Matar ta ɗauki tsintsiya, amma shara take idonta na kan turmi. Gwaggo ta san ana gina sabon shago, ta kuma ji ƙishin-ƙishin an sayo injin niƙa. Ranar da suka san haɗin nan, tabarma za a shimfiɗa mata a tsakar gida, a bi ta da "Allah ya ƙara lafiya".

Sai ta damƙo kanumfari, abin da bai taɓa shiga yajin ba, ta watsa a turmi tana kakkarewa da mayafi kamar mai ɓoyo. Da matar ta tafi Gwaggo ta zubar, ta haɗa na gaskiya.

Aka buɗe sabon shago, ba wanda ya aiko karɓar yaji. Gwaggo ta shirya ta je, ta tarar da layi har bakin titi. Ta sayi cinya ta gatsa. Kanumfari! Ɓarawo ya shiga hannu. Ta sake gatsa don ta tabbatar, kafin ta ankara ƙashi take tsotsa.

Babban ɗan ya fito yana sosa ƙeya.

"Gwaggo, sauran shagunan ma irin wannan suke so, kuma ya fi ƙarfin 'yarki ita kaɗai. Ki haɗa mana mana."

"Ai dama nawa ne, mara kunya."

Ta koma ɗaki ta yi ta gwadawa. Wannan ya yi ɗaci, wancan salam, don ranar ba awo ta yi ba, haushi ta zuba. Dole ta aika a kira matar.

"Ke, mai idon mujiya, rannan yaya kika ga na ɗiba?"

Matar ta durƙusa da ladabi.

"Gwaggo, sai dai in riƙa zubawa da kaina. Ki ɗan juya baya."

Gwaggo ta juya. Ta jawo murfin tukunya mai ƙyalli, ta karkata shi kaɗan, wai gogewa take.