Wasiƙa ta Bakwai

Yana cikin fiƙe fensir na uku da reza wata yarinya ta yi sallama. Haka yake yi kowace safiya: ɗaya na Sifaniyanci, ɗaya na Italiyanci, na ukun na Turanci. Wai kada harsuna su yi faɗa a bakin fensir guda.

Baba Tafinta ake ce masa. Shekara ashirin ya yi yana kuku a jirgin ruwa, ya dawo da ciwon gwiwa da harsuna biyu. Yanzu yana zaune a lungun shagon masu buga katin aure, yana juya wa angwaye kalaman soyayyar mutanen ƙetare zuwa Turanci. Shi kuwa bai taɓa aure ba. Masu shagon kan ce mai sayar da zuma ne da bai san zaƙinta ba.

"Baba, a akwatin mahaifina muka samu," in ji yarinyar, ta ajiye ƙunshin wasiƙu. "Wata uku da rasuwarsa. Mama na kwance, ta daina cin abinci. Ta ce wata mace ya ajiye a can ƙetare. A sa min a Turanci in fara gani, in da abin ɓoyewa in ɓoye."

Ya kwance zaren. Takardun da danshi, suna ƙanshin gishirin teku, alhali ko yayyafi ba a yi ba. Ya duba layin farko, sai reza ta faɗi daga hannunsa. Rubutun hannunsa ne, shi da kansa.

"'Yata, ke 'yar Dogo ce? Mai kula da injin jirgi?"

"Ka san shi?"

Ya san shi mana. Dogo kan shigo kicin bayan an kwashe abinci, ya zauna a kan buhun albasa, ya sunkuyar da kai yana faɗin abin da ke ransa game da matarsa. Kunya ba ta barinsa ya aika. Sai ya ce a rubuta da harshen da ba mai iya karantawa a gida. "Rayuwata," "hasken idona," duk da Hausa suka fito daga bakinsa.

Wasiƙa shida suka rubuta. Baba Tafinta ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Bakwai ne.

Ta bakwai ɗin ma rubutun hannunsa ne, har da yadda yake karkatar da layi. Amma da ya shafa, tawada ta kama yatsansa. Kujerar da ke gefensa, wadda ba kowa a kai, ta yi ƙara a hankali, irin ta mutum mai tsayi idan ya gyara zama. Warin albasa da baƙin mai ya cika lungun.

Layi ɗaya ne a ciki, da Italiyanci: *Kuku, ka je ka gaya mata. Ni na makara.*

"Baba, lafiya? Me ta ce?"

"Ba wata mace, 'yata. Mahaifiyarki ce tun daga farko har ƙarshe."

"To a rubuta min."

"Wannan ba na Turanci ba ne. Da Hausa aka ba ni ajiya, da Hausa zan mayar."

Ya bar fensiran a kan tebur, ya lalubo sandarsa. A bakin ƙofa ya ɗan raɓe gefe, kamar mai ba wani hanya ya fara wucewa, sannan ya fita.